Gasar Alkafura Ta 'Yan Matan Jami'o'in Amurka: Kasuwa Ta Ci, Wa Zai Kwashi Riba?

A ranar Asabar, 19 ga watan Afrilu na 2025, 'yan matan Jami'ar Oklahoma suka ɗauki kofin gasar alkafura ta jami'o'in Amurka a zauren wasanni na Dickies Arena da ke birnin Fort Worth, cikin Jihar Teksas. Wannan shi ne karo na bakwai da kofin ya shiga hannunsu tun daga 2014. Sun tashi da maki 198.0125, Jami'ar Kalifoniya reshen Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, tana biye da su da 197.6125, sa'an nan Mizuri ta zo ta uku, Yuta ta huɗu. Gidan talabijin na ABC ya nuna wasan kai tsaye ga ƙasar baki ɗaya, abin da bai fara yi ba sai a 2021.

Mako bakwai bayan wannan biki, ran 6 ga watan Yuni, wata alƙaliyar kotun tarayya a Jihar Kalifoniya mai suna Claudia Wilken ta amince da wata takardar sulhu tsakanin hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, watau NCAA, da 'yan wasan da suka kai ta ƙara. Babu kiɗa babu tafi a wannan rana, amma duk wanda ya san yadda ake tafiyar da wasannin jami'a a Amurka ya san abin da ya faru a ɗakin shari'ar nan ya fi na Fort Worth nauyi ga 'yan matan nan da waɗanda za su biyo bayansu. Gasar tana kan ganiyarta wajen farin jini, kuma a daidai wannan lokaci ne aka sake dokar kuɗin da ta ɗauke ta shekara arba'in da 'yan kai.

Kafin a shiga batun kuɗi, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai. Turawa suna kiransa jimnastik. Asalinsa ɗaya ne da alkafurar da yara kan yi a bisa yashi, sai dai an tsara shi kashi huɗu. A na farko, yarinya za ta sheƙo a guje, ta taka wani allo mai cilla mutum sama, ta dafa wani tebur, ta wuntsila a iska, ta dira a kan ƙafafunta biyu ba tare da ta ƙara taku ba. A na biyu, sanduna biyu ne a gicciye, ɗaya ta fi ɗaya bisa, tana lilo tana sakin wannan tana cafke waccan. Na uku shi ne mai ɗaga hankalin 'yan kallo: wata azara ce mai tsawon mita 5, faɗinta santimita 10 kacal, kamar faɗin tafin hannu, an ɗaga ta mita ɗaya da kwata daga ƙasa, a kanta za a yi juyi da tsalle da alkafura ta baya. Na huɗu fili ne mai mita 12 kowane gefe, ana kiɗa tana haɗa rawa da alkafura har zuwa minti ɗaya da rabi.

A kowane kashi jami'a takan sa 'yan mata shida, a ɗauki makin biyar da suka fi, a yar da na ƙarshe. Iyakar abin da mutum ɗaya zai samu shi ne maki 10, saboda haka iyakar na ƙungiya 200 ne. Faɗuwa ɗaya takan ci rabin maki. Ma'anar wannan lissafi ita ce, kuskuren farko ana iya yafe shi, na biyu kuwa shi ke kai mutum ƙasa. Oklahoma ɗin nan ta ɗanɗana haka a 2024: ta shekara tana kan gaba, kowa ya sallama mata kofi, amma a zagayen kusa da na ƙarshe 'yan wasanta suka yi ta tuntuɓe wajen dira tun a kashin farko, aka fitar da ita. Jami'ar Jihar Luwiziyana, watau LSU, ita ta ɗauki kofin a shekarar, karo na farko a tarihinta. Ƙungiyoyi 36 ne kan shiga gasar shiyya-shiyya, takwas su wuce zuwa ta ƙasa, huɗu su kai ranar ƙarshe. Kafin 2019 shida ne kan kai.

Gida Takwas Kacal

Daga 1982, lokacin da NCAA ta fara shirya gasar, zuwa 2025, an yi ta sau 43, domin ba a yi ba a 2020 saboda annobar korona. Jami'o'i sittin da 'yan kai ne ke wasan a rukuni na ɗaya, amma takwas kaɗai suka taɓa ɗaga kofin. Jojiya ta ci sau 10, biyar daga ciki a jere daga 2005 zuwa 2009. Yuta sau 9, UCLA da Oklahoma bakwai-bakwai, Alabama 6, Fulorida 3, Mishigan da LSU ɗai-ɗai. Wanda ya tara zai ga 44 ne maimakon 43, dalili kuwa a 2014 Fulorida da Oklahoma sun yi kunnen doki da maki 198.175, aka raba musu sarautar. Har ma shekara talatin da ɗaya na farko, zuwa 2012, gidaje huɗu ne kawai suke karɓa-karɓa tsakaninsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko shi ne daɗewar masu horarwa a kujera ɗaya. Greg Marsden ya shekara 40 a Yuta, Sarah Patterson 36 a Alabama, Suzanne Yoculan 26 a Jojiya, kuma kofunan Jojiya goman nan duk a hannunta aka ci su. Valorie Kondos Field ta UCLA, wadda ta ci bakwai, ba ta taɓa yin alkafura ba a rayuwarta, mai rawar bale ce. Waɗannan mutane ba horarwa kaɗai suka yi ba, har da kasuwanci. Marsden ya yi ta tallata wasan a birnin Salt Lake yana neman 'yan kallo, har ta kai ga Yuta tana tara mutum wajen dubu goma sha biyar a wasa ɗaya, alhali rabonta da kofi tun 1995. Yoculan da Patterson kuwa sun mai da kishin da ke tsakaninsu abin talla, jama'a suna tururuwa don su ga wa za ta ka da wa.

Abu na biyu shi ne da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jami'ar da ta ci kofi ita ke da ɗakin horo mai kyau, da likitoci, da fitowa a talabijin, kuma can ne kowace yarinya mai hazaƙa take son zuwa. Kafin a tsaurara doka a 2019, manyan jami'o'in nan sukan kama yarinya da alkawarin sukolashif tun tana shekara goma sha uku ko sha huɗu. Ƙananan jami'o'i sai su tsinci abin da ya rage.

Tushen gasar kanta wata doka ce da Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ran 23 ga watan Yuni na 1972, wadda ake kira Babi Na Tara. Dokar ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace, kuma ko da yake ba ta ambaci wasanni da suna ba, a nan ne ta fi yin tasiri. A lokacin, matan da ke wasa a jami'o'in Amurka wajen dubu talatin ne. Bayan shekara hamsin sun haura dubu ɗari biyu. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne NCAA ba ta yi maraba da dokar ba. Ta goyi bayan Sanata John Tower na Teksas da ya nemi a 1974 a cire wasannin da ke kawo kuɗi daga ƙarƙashinta, bai yi nasara ba. Ta kai ƙara kotu a 1976, aka kori ƙarar. A duk tsawon shekarun nan wata ƙungiya ce ta mata, AIAW, take shirya gasar mata, har da ta alkafura. Da NCAA ta ga dokar ba za ta faɗi ba, kuma wasan mata ya fara jan ido, sai ta buɗe nata gasannin a kakar 1981 zuwa 1982, tana biya wa ƙungiyoyi kuɗin tafiya, abin da AIAW ba ta da ƙarfin yi. A 1982 an yi gasar alkafura biyu, Yuta ta ci ta NCAA, Fulorida ta ci ta AIAW. Daga nan AIAW ba ta sake shirya wata ba. A 1972 fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata, mata ne ke horar da su; da kuɗi suka shigo sai adadin ya faɗo ƙasa da rabi. Wannan tarihi yana da amfani a tuna da shi, domin hukumar da ke riƙe da amanar 'yan matan nan ba don ƙauna ta karɓe su ba tun farko.

Mafakar Waɗanda Suka Sha Wuya

Duk da haka, akwai dalilin da ya sa 'yan wasan kansu suke ƙaunar gasar jami'a, kuma ba a gane shi sai an dubi inda suka fito. Yarinyar da ke neman shiga ƙungiyar Olimfik ta Amurka takan fara tun tana shekara huɗu ko biyar a gidajen horo masu zaman kansu, iyayenta suna biya, ta kai tana horo awa talatin ko fiye a mako, sau da yawa ma a cire ta daga makaranta a riƙa koya mata a gida. A ƙarshe mutum huɗu ko biyar ne za a zaɓa cikin shekara huɗu. Shekara da shekaru ana jin ƙishin-ƙishin na tsawa, da hana abinci, da tilasta wasa a kan rauni, amma tun da lambobin zinariya suna zuwa, ba mai son tono.

A 2016 jaridar Indianapolis Star ta fasa ƙwai. Ta bayyana cewa likitan ƙungiyar ƙasa, Larry Nassar, ya shekara da shekaru yana lalata da 'yan matan da aka ba shi amanar jinyarsu, yana fakewa da magani. An ba kura ajiyar nama. A watan Janairu na 2018 mata fiye da 150 suka tsaya a gaban kotu a Jihar Mishigan suka ba da labarin abin da ya yi musu, Alƙaliya Rosemarie Aquilina ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Wadda ta fara kai ƙararsa ga hukumar alkafura ta ƙasa a 2015 ita ce Maggie Nichols. Ba a zaɓe ta zuwa Olimfik na Rio ba a 2016. Ta tafi Oklahoma, ta zama gwarzuwar gasar jami'o'i a 2018 da 2019.

Labarin Katelyn Ohashi ma irinsa ne ta wata fuska. A 2013 ta ka da Simone Biles a gasar Kofin Amurka, sa'an nan raunin baya da na kafaɗa suka raba ta da manyan gasanni tun ba ta cika shekara goma sha takwas ba. UCLA ce ta farfaɗo da ita. A watan Janairu na 2019 ta yi wani wasan fili tana dariya tana rawa, ta sami maki 10, aka kalli hoton a intanet fiye da sau miliyan ɗari. Abin da jama'a suka gani a nan shi ne abin da gasar jami'a ke sayarwa: manyan mata masu shekara goma sha takwas zuwa ashirin da biyu ko uku, horon da doka ta ƙayyade kada ya wuce awa ashirin a mako, ƙawaye suna ihu a gefen fili, digiri kuma a ƙarshe.

Amma kada a cika wa jami'o'in baki. Nassar ɗin nan ma'aikacin Jami'ar Jihar Mishigan ne, a asibitinta ya yi yawancin ɓarnarsa, kuma sai da ta amince ta biya diyyar dala miliyan 500 a 2018. Hukumar alkafura ta ƙasa da kwamitin Olimfik na Amurka suka amince da miliyan 380 a 2021, ma'aikatar shari'a ta ƙasar ma ta biya miliyan 138.7 a 2024 saboda sakacin 'yan sandan ciki na FBI. A Yuta kuma, a 2023, wata 'yar wasa mai suna Kara Eaker ta bar ƙungiyar tana zargin cin mutunci da baki. Binciken da lauyoyi suka yi wa jami'ar bai sami kocin, Tom Farden, da laifin cin zarafi mai tsanani ba, amma a watan Nuwamba na shekarar suka raba gari.

Sai batun maki 10, wanda masu sha'awar wasan ba sa gajiya da gardama a kansa. Tsofaffi za su tuna Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya, wadda ta fara samunsa a Olimfik na Montreal a 1976 tana da shekara 14, har allon lantarki ya kasa rubuta shi ya nuna 1.00. Bayan rigimar da ta tashi a Olimfik na 2004 kan makin Paul Hamm na Amurka da Yang Tae-young na Koriya ta Kudu, hukumar alkafura ta duniya ta soke wannan tsari a 2006, ta raba maki biyu: ɗaya na wuyar abin da aka yi, wanda ba shi da iyaka, ɗaya na tsabtar yinsa. Jami'o'in Amurka suka ƙi bi. Kuma sun yi dabara, domin ko wanda bai taɓa kallon wasan ba ya san 10 ita ce ƙarshen kyau, alhali 14.633 ba ta gaya masa komai. Bugu da ƙari, tun da ba a ƙara wa mutum maki don ya yi abin da ya fi haɗari, jikin da zai yi wasa kowane mako daga Janairu zuwa Afrilu yana samun sauƙi.

Illar ita ce makin manyan 'yan wasa duk yakan cunkushe tsakanin 9.85 da 9.95, har ya zama taku ɗaya ko ɗan karkacewar gwiwa shi ke raba kofi. A 2018 UCLA ta sha gaban Oklahoma da 0.0375 kacal, bayan Peng-Peng Lee 'yar ƙasar Kanada ta sami 10 a kan azara a wasa na ƙarshe. A irin wannan tazara, idon alƙali ya zama rabin wasa. A gasar ƙasa alƙalai shida ne kan zauna a kowane kashi, a yar da makin da ya fi yawa da wanda ya fi ƙanƙanta, amma a wasannin mako-mako biyu ne kawai, kuma da waɗannan makin ne ake jera ƙungiyoyi. Ƙananan jami'o'i sun daɗe suna kukan cewa sunan da ke jikin riga yana ƙara maki. Masu cewa 10 ta yi araha a zamanin nan kuwa, ya kamata su lura cewa Trinity Thomas ta Fulorida, da ta kai guda 28 a 2023, kamo Jenny Hansen ta Kentaki da Jamie Dantzscher ta UCLA kawai ta yi, waɗanda suka kafa adadin shekaru ashirin zuwa talatin kafin ita. Matsalar ba a yawan goma take ba, tana wajen rashin auna kowa da mudu ɗaya.

Kura Da Shan Bugu

Fiye da shekara ɗari dokar NCAA ita ce ɗalibi ba ya karɓar kuɗi don wasa, iyakarsa sukolashif. Jami'o'i da masu horarwa da gidajen talabijin suna kwasar miliyoyi, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A alkafura dokar ta fi ciwo, domin yarinya takan yi suna tun tana shekara goma sha shida, kafin ta shiga jami'a. Dole ta zaɓi ɗaya, ko kuɗin talla ko gasar jami'a. Jordyn Wieber, gwarzuwar duniya ta 2011, ta zaɓi kuɗi. Da ta shiga UCLA sai ta koma mai yi wa ƙungiya hidima, tana jan katifu. Simone Biles ta yi wa UCLA alkawari, ta janye a 2015, ba ta taɓa yin gasar jami'a ba.

A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalanta tara baki ɗaya, ta ka da NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga watan Yuli na shekarar aka bar ɗalibai su sayar da sunansu da hotonsu ga masu talla. Babu wasan da ya ci moriyar wannan kamar alkafura. Sunisa Lee ta ci zinariya a Tokyo, ta wuce Jami'ar Auburn, ta ci lambar azara a gasar 2022. Jade Carey ta tafi Jami'ar Jihar Oregon, Jordan Chiles UCLA, Grace McCallum Yuta. Carey da Chiles suka nuna ana iya haɗa biyun, domin suna cikin ƙungiyar da ta ci zinariya a Faris a 2024. Zaure ya cika, talabijin ya biyo baya: a 2023 kimanin mutum miliyan ɗaya suka kalli wasan ƙarshe, kuma a watan Janairu na 2024 kamfanin ESPN ya sayi ikon nuna gasannin NCAA guda 40, har da wannan, a kan dala miliyan 920 na shekara takwas.

Sai dai kasuwar talla ba ta duba makin alƙali. Wadda ta fi kowa samu a wasan a lokacin ita ce Olivia Dunne ta LSU, mai miliyoyin mabiya a TikTok da Instagram, alhali wadda ta ɗauki LSU a kafaɗa zuwa kofin 2024 ita ce Haleigh Bryant, gwarzuwar shekarar. Ba laifin Dunne ba ne, ta iya kasuwarta. Amma wasan da bai daɗe da fita daga abin kunyar Nassar ba ya kamata ya yi hattara da kasuwar da fuska da sura suka fi gwaninta tsada. Ba banza ba ne 'yan matan Jamus suka fito a Tokyo a 2021 da rigunan wasa masu rufe jiki har idon sawu, don nuna cewa mace tana da ikon zaɓen abin da za ta sa.

Sulhun da Alƙaliya Wilken ta amince da shi, wanda ake kira da sunan Grant House, wani ɗalibi mai wasan ninƙaya, ya wuce batun talla. NCAA da manyan rukunonin jami'o'i za su biya tsofaffin 'yan wasa diyyar dala biliyan 2.8 cikin shekara goma. Kowace jami'a kuma an ba ta izinin biyan 'yan wasanta kai tsaye, har zuwa kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. An soke ƙayyade yawan sukolashif, wanda a alkafurar mata guda 12 ne, aka maye gurbinsa da ƙayyade yawan 'yan ƙungiya, mutum 20. A takarda wannan ci gaba ne, domin jami'a mai hali za ta iya ɗaukar nauyin duka ashirin ɗin. A aikace kuwa kashin dankali ne, babba danne ƙarami: gidaje takwas ɗin nan da 'yan uwansu masu kuɗi za su ƙara tara gwanaye, tazara ta ƙara faɗi.

Rabon ne ya fi ta da jijiyar wuya. Kimanin kashi 75 cikin ɗari na diyyar an ware shi ga ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, kashi 15 ga ƙwallon kwando na maza, kashi 5 ga na mata, sauran kashi 5 kuma duk sauran wasanni su raba, har da alkafura. Jami'o'i da yawa sun nuna da irin wannan mudu za su raba kuɗin shekara-shekara. Hujjarsu ita ce wasan da ya kawo kuɗin shi ya kamata ya ci. Masu suka kuma suna cewa kuɗin da ya fito daga aljihun jami'a zuwa hannun ɗalibi yana ƙarƙashin Babi Na Tara, dole a yi adalci tsakanin maza da mata. Gwamnati ma ta yi baki biyu: a watan Janairu na 2025, kwanaki kaɗan kafin Shugaba Biden ya sauka, ma'aikatar ilmi ta ce dokar ta shafi kuɗin, a watan Fabrairu gwamnatin Shugaba Trump ta janye wannan bayani. Kwanaki kaɗan bayan an amince da sulhun, wasu 'yan wasa mata takwas suka ɗaukaka ƙara a kan rabon diyyar. Dunne kanta ta tsaya gaban alƙaliya ta ce an raina darajarta a lissafin.

Hujjar jami'o'in tana da rauni a wuri ɗaya. Jami'a ba kamfani ba ce; ba ta biyan haraji kamar kamfani, tana kuma cin kuɗin gwamnati da sunan ilmi. Ba ta yiwuwa ta zama makaranta ranar karɓar tallafi, ta zama kasuwa ranar rabo. Amma ko da kotu ta ba mata gaskiya, tsugune ba ta ƙare ba, domin miliyan ashirin ɗin nan dole a samo su daga wani wuri, kuma hanya mafi sauƙi ita ce rufe ƙananan wasanni. Alkafurar maza ta riga ta ga haka: ƙungiyoyinta a NCAA ba su kai ashirin ba, kuma a 2020 kaɗai jami'o'in Iowa da Minesota suka sanar da rufe nasu. Ta mata tana da garkuwar Babi Na Tara, domin jami'ar da ke da samari ɗari a ƙwallon zari-ruga tana bukatar mata a lissafi. Garkuwar tana kare adadi ne kawai, ba ta ce lalle sai alkafura ba, wadda kayan aikinta da inshorarta suke da tsada.

Nijeriya ma tana da ƙafa a cikin wannan magana. Tsarin sukolashif ɗin nan shi ya kai Hakeem Olajuwon Jami'ar Houston, ya kai Mary Onyali Jami'ar Texas Southern, ya kai Blessing Okagbare da Tobi Amusan Jami'ar Teksas ta El Paso. Uche Eke, ɗan Nijeriya na farko da ya yi alkafura a Olimfik, a Tokyo, wanda kuma ya ci zinariya a Wasannin Afirka na 2019 a Rabat, Jami'ar Mishigan ce ta horar da shi, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka rage da ƙungiyar maza. Guje-guje da tsalle-tsalle suna cikin wasannin da za su raba kashi biyar ɗin nan, kuma ƙayyade yawan 'yan ƙungiya ya shafe su. Ɗalibin da ya zo daga waje da bizar karatu kuwa, dokar shige da fice ta ɗaure masa hannu wajen karɓar kuɗin talla a cikin ƙasar.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata. Corrinne Tarver ita ce baƙar fata ta farko da ta zama gwarzuwar gasar NCAA, a 1989, tana Jojiya. Sai bayan shekara 34, a watan Janairu na 2023, wata jami'ar baƙar fata ta fara fitar da ƙungiyar alkafura ta mata, watau Jami'ar Fisk da ke birnin Nashville, wadda aka kafa a 1866, kuma Tarver ce kocinta ta farko. Fisk ba ta cikin NCAA, saboda haka ba ta da hanyar zuwa Fort Worth, amma ta yi karo da manyan jami'o'i, jama'a suka yi ta cika zaure don ganinta. Wata yarinya mai suna Morgan Price ta ajiye gurbin da Jami'ar Arkansas ta ba ta don ta shiga Fisk, kuma a 2024 ta zama gwarzuwar gasar ƙananan jami'o'i ta ƙasa. Kwalejin Talladega ta Jihar Alabama ta bi sahu a 2024, ta yi kaka ɗaya, ta rufe saboda rashin kuɗi. A watan Yuni na 2025, watan da aka amince da sulhun House, Fisk ta ba da sanarwar cewa kakar 2026 ce ta ƙarshe, tana kukan wahalar samun abokan karawa da ta jawo sababbin 'yan wasa. A shekarar nan ce kuma Morgan Price ta tattara kayanta ta koma Arkansas, inda ta ƙi zuwa da farko.